Yadda Kawu Shawish ya koma makarantar 'yan sanda

Duk wanda ya san Kawu Garba Shawish, wato Saje, a ƙauyenmu na gefen Sinnar ya san tambayoyinsa uku: suna, daga ina, zuwa ina. Ba ya amsa gaisuwa sai an amsa su. Matarsa Inna Hadiza ta dawo daga ɗibar ruwa da jarka a ka, sai ya ɗago daga tabarma ya ce, "Daga ina?" Ita kuma ta ce, "Daga Makka, Garba. Kama mini in sauke."

Shekara goma sha ɗaya ya yi da kakin bolis, wato aikin ɗan sanda, sannan idon kakanmu ya mutu, babu mai duba hawasha, gonar gidanmu. Kawu ya ninke kakin, ya koma noman dawa da auduga har shekara tara. Da tsohon ya rasu sai ya rubuta takarda yana neman komawa aiki. Amsa ta zo cewa an karɓe shi, amma duk wanda ya daɗe haka a waje sai ya sake horo na wata uku a Madani, ya kuma ci jarrabawa.

"Ni za a koya wa fareti?" in ji shi. "Wanda ya rubuta takardar ga yana goye lokacin da nike kama ɓarayin awaki a Dindir."

Ya yi kwana biyu yana faɗa da takarda, a na uku ya ɗaure kayansa. Masu dawowa aiki an yarje musu kwana a gida, don haka wurina ya sauka, ni ɗan ƙanwarsa, ina tuƙa raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, a Madani lokacin.

Ranar farko ni na kai shi. Muna shiga sai ga malamin horon, Mulazim Tarik, wato Laftana, wanda Kawu ne ya koya masa ɗaure takalmi yana sabon kurtu. Kawu ya ƙame ya sara masa don yanzu Mulazim ne babba a muƙami. Mulazim shi ma ya sara don kunya. Suka tsaya hannu a goshi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara saukewa, kurata na kallo.

"Ammu Garba, don Allah sauke," in ji Mulazim a hankali, da kiran girmamawa irin na baffa.

"Ba da oda, ya zol, kai mutumin nan. Kai ne hafsa."

"To, sauke."

"Da ƙarfi. Haka na koya maka?"

Sai da yaron nan ya daka masa tsawa sannan Kawu ya sauke hannu, ya ce, "Yanzu ka yi tamam."

Gudun safe kuwa, shi mai shekara hamsin da ɗoriya cikin samari, kullum shi ne na ƙarshe. Wani kurtu ya tsokane shi, "Baba, yau ma a baya?" Kawu yana haki ya ce, "Kai ka taɓa ganin ɗan sanda a gaban ɓarawo? Ku ci gaba da gudu, ina ganinku duka."

Abin da ya kayar da shi jarrabawar doka ce. An tambaya: shanu sun shiga gonar dawa, manomi da makiyayi sun zaro sanduna, me za ka yi? Kawu ya rubuta cewa zai zaunar da su a inuwa, ya sa a dafa jabana, gahawarmu ta gargajiya, ya tambayi kowa sunan kakansa, don ƙarshenta dai 'yan'uwa ne. Ba zancen ɗaukar bayani, ba shaidu, ba sanar da mutum haƙƙinsa. Ya faɗi. Aka ce saura dama ɗaya.

Ran nan ya dawo bai tambayi kowa komai ba. Aka ajiye masa kisra da miyar kuɓewa, bai taɓa ba. Bayan la'asar ya ce mini, "Isiyaku, ba jarrabawar nike tsoro ba. Hadiza ta wanke kakin nan ta goge, ta gaya wa gari duka na koma aiki. Da wane ido zan shiga ƙauye?"

Matata Sa'adiyya malamar firamare ce. Ta ce, "Kawu, kawo littafin dokar mu gani." Ya dube ta ya dubi littafin, na zaci zai ce mace ba ta koya masa doka. Sai ya miƙa mata da hannu biyu. Sati uku suna zama a tsakar gida, ita a kujera, shi a tabarma. In ta fito sai ya miƙe tsaye. Ta ce, "Haba Kawu, ni fa 'yarka ce." Ya ce, "Bayan darasi, ustaza." Wata rana ya yi gardama a kan wata sabuwar ƙa'ida, ta ce in bai yi shiru ba za ta rufe littafin. Ya juyo gare ni ya ce, "Da wannan aka ba ofishin Sinnar, da an daina sata."

Ya ci jarrabawar, kuma ba a ƙarshe ba. Aka tura shi wani ƙaramin ofishi a gefen Dindir, ya yi shekara shida yana cika takardu kamar yadda aka koya masa, tukunyar jabana kuma na kan garwashi a bakin ƙofa.

Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku wani dattijo makiyayi ya iso da ƙafa, ba wanda ya san shi. Ya ce saniyarsa ɗaya tak ta taɓa ɓata, Shawish ya bi sawu tare da shi yini biyu cikin laka har suka same ta, ko kofin nono bai yarda ya karɓa ba. Ya yi addu'a, ya ɗauki sandarsa ya juya.

Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya sanyaya makwancinsa, ya sauƙaƙa masa hisabi. Allah ya ba Inna Hadiza haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.