Tiyon da Na Toshe da Hannuna

Bayan sallama da fatan alheri. A cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, ni magidanci ne ɗan zangon Salaga, jikan fataken goro, wanda ya sauke Alƙur'ani kuma ya karanta fiƙihu daidai gwargwado. Sai dai abincina yana wani ƙaramin asibiti ne a hanyar Bawku, inda nake wanke kayan ɗakin tiyata, kuma nake jan ma'aikata salla.

Akwai wani tiyo da ke fitar da ragowar iskar da ake shaƙa wa marasa lafiya don su yi barci. Bakinsa ya ɓullo ta bango, daidai inda muke shimfiɗa buzu. Warin yana sa mu jiri cikin sujada, har wani direba ya riƙa yi mini ba'a cewa ni ne limamin da ke sa mamu gyangyaɗi. Abin ya sosa mini rai. Ban tambayi kowa ba, na cusa tsumma a bakin tiyon, na shafe da laka, ina ganin na kare alfarmar salla.

A ɗakin tiyatar 'yar ƙanwata take aiki, kuma ni na nema mata gurbin. Kullum tana kukan ciwon kai, ina ce mata gajiya ce. Ta yi ɓari sau biyu. Na yi mata rubutu ta sha, na hore ta da haƙuri. A ciki na uku jaririn ya zo da rai, amma da tawaya a hannu da zuciya, bai kai suna ba.

Bayan shekara huɗu aka kawo wani likita daga Yendi. Ya bi tiyon, ya zaro tsummana. Ya tara mu ya ce iskar ta daɗe tana komawa ɗakin, kuma shaƙarta kullum tana iya lalata ƙwayar haihuwa, ko da yake ba zai rantse ita ce sanadi ba. Ya tambayi wanda ya toshe. 'Yar ƙanwar tawa tana gefena, na ɓoye cewa ni ne.

Ta rasu ba ta sani ba, tana kirana Kawu Malam, tana neman addu'ata. Na san hukuncin tsarki da najasa, amma na yi fatawa a kan abin da ban karanta ba. Ya ku ma'aikatan asibiti, kada ku taɓa abin da ba ku san dalilinsa ba, kuma ku nemi gafarar mutum tun yana iya amsawa.