Karatun kisan kai a zauren Baba

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, ban tafi Yamai ba. Jami'a tana rufe saboda yajin aiki, kowane wata a ce sai wata mai zuwa. Cikin wannan jira Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayyena biyu suna Abijan, Inna tana fama da tuyar da muke ci da ita, sai jinya ta faɗo kaina. Ni ke juya shi, ni ke kai shi bayan gida, ni ke zama da shi a zaure daga hantsi har la'asar. Iyakar tafiyata kantin magani da masallacin unguwa.

Wani malaminmu da aka canja wa wurin aiki ya bar mini kwali cike da littattafan 'yan sanda na Faransanci, irin waɗanda ake tsintar gawa tun a shafi na uku. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Da zarar Baba ya lumshe ido sai in buɗe. A cikin littafi ana ruwa a wani gari mai jiragen ƙasa, ni kuwa ina garinmu Tawa zufa na ɗiga a kan shafi, amma muddin ina karatu ba na jin warin man shafawar da ya kama zauren.

Wata rana ya buɗe ido, ya ce da bakinsa da ya karkace, "Mi kaka karatu haka, ko ƙyaftawa ba ka yi?"

Na ce, "Wani attajiri aka kashe, Baba, a ɗaki kulle."

"Karanta mini."

Baba ya yi shekaru yana akawu a kotu, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ciwon ya tafi da shi kaf, ya bar masa Hausa kawai. Na karanta layi biyu, na ga idonsa ya ciko. Daga ranar sai in karanta a zuci, in ba shi da Hausa.

Abin ya zama aiki. Littafin da nake cinyewa a wuni biyu sai ya kai mu mako uku. Kullum yana tsayar da ni: wa ya ga matar a tasha, da ƙarfe nawa, wa ya sa hannu a takardar. In ɗan sandan ya kama mutum babu shaida, ya yi tsaki ya ce a kotunsu ko sauraro ba za a yi ba. Sau da yawa zarginsa kan faɗa kan wanda bai yi ba, ya wuni yana fushi da marubucin. Ni kuma da Baba nake fushi, ban dai taɓa faɗa ba. Wurin ɓuyana ɗaya ne tak, nan ma ya biyo ni.

Sau ɗaya na leƙa ƙarshen littafi a ɓoye, na ga likitan cikin labarin ne ya yi kisan. Washegari ina cikin ba shi labari ya ce, "Ka riga ka sani, ko? Muryarka na canjawa in ka zo kan likitan ga." Ya juya fuska bango. Ban sake leƙawa ba.

Bayan damina abokina da muka ci jarrabawa tare ya zo ya ce an buɗe jami'a, har ya kama mana wuri a motar Litinin. A ƙofar gida muka tsaya, murya ƙasa-ƙasa. Na ce ya tafi, zan biyo shi. Da na koma zaure Baba bai tambaye ni ko wane ne ba. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Rubuta ma yayyenka. Ka ce ni nac ce ɗayansu shi zo."

Na rubuta, na kai gidan waya da kaina. Amsa ta iso bayan wata biyu, da addu'a mai tsawo da alkawarin zuwa bayan salla. Salla ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Baba ya ƙara shekara uku. Kafin nan na riga na fara koyarwa a wata ƙaramar makaranta da ke bayan gidanmu, inda Inna za ta iya aiko a kira ni in ya buƙaci juyi. Da ya rasu abokin nan nawa ya zo gaisuwa daga Yamai, ya ce har yanzu ana iya nema mini gurbi a jami'a. Na ce masa sai na yi shawara da Inna. Ban yi mata maganar ba.