Sabuwar Ƙofa a Shagon Hajara

Hajara ta shekara talatin tana matsar man gyaɗa a Toranke. Duk abin da ta mallaka shago ne guda a kasuwar Ajingi, wanda ya faɗo mata a rabon gadon mijinta. Tun marigayin yana raye ya ba wani tela mai suna Gana aron shagon, ba haya, ba takarda. Sharaɗi ɗaya aka kafa masa a gaban shaidu biyu, wanda kowa ya sani a ƙasar nan: mai aro ba ya gini, ba ya sauya ƙofa, sai da izinin mai wuri.

Shekara goma sha ɗaya Gana bai taɓa komai ba. Wata ranar kasuwa Hajara ta kawo mai, sai ta tarar an cire ƙyauren langa-langa an kafa na ƙarfe, ga sunan Gana a sama da shuɗin fenti.

"Malam Gana, tarewa aka yi ban ji guɗa ba?"

"Ɓarayi ne, Gwaggo. Sau biyu suna kwashe mini yadin mutane."

"Su ne suka rubuta sunan?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da taka kekensa.

Ba ta ja maganar ba, ta wuce kotu. Magatakarda ya ce ko da wurin nata ne, doka ba ta yarda ta fasa ƙofa ko ta watso masa kaya waje ba. Ya ce sai dai ta ba shi wa'adi a rubuce. In ya ƙi tashi, ta shigar da ƙara, ta kawo shaidar cewa aro ne.

Ɗaya daga cikin shaidun ya rasu bara. Saura Malam Inuwa na Balan, tsohon da ya daina fita. Washegari ta same shi a zaure cikin sabuwar riga. Ta daɗe tana duban aikin wuyan, don ta san hannun Gana.

"Malam, ka tuna ranar da aka ba Gana shago?"

"Na tuna sarai, Hajara. Ko aro ne ko kyauta, shi ne ya ɗan shige mini duhu."

"Allah ya ƙara lafiya," in ji ta, ta miƙe.

Ranar ta sa aka rubuta takardar wa'adin. Ta miƙa wa Gana a gaban Sarkin Kasuwa, bayan ta bincika ta tabbatar shi Sarkin Kasuwar a Kano ake yi masa ɗinki.