Sunan da ke jikin kwalbar

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aiki a ɗakin gwajin jini a Jimeta, ban da wannan kwalbar.

Lokacin ban daɗe da fara aiki ba, ga rawar kai, ga baki. An kawo mana wani sabon sinadari mai ƙwayoyin garkuwa da aka ƙera su kama furotin guda ɗaya tak, wanda yakan yi yawa a jinin macen da ke da sankarar ƙwan haihuwa. Ni aka koya wa aikin, sai nake jin kaina likita.

Wata Alhamis na gwada jinin wata mata, sakamakon ya haura nesa da ƙa'ida. Na duba sunan, ban san shi ba.

Ranar Asabar na hau keke na je unguwar Ajiya gaida Goggo, yayar babana wadda ta raine ni. Tana tsince shinkafa, ni kuwa ina ta zuba, har na ba ta labarin jinin, wai don ta san 'yarta ta zama wani abu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "To ita mai jinin, akwai magani?"

Na ce, "Kai, Goggo, wannan kam sai addu'a."

Ta ce Allah ya sa ta cika da imani, ta ci gaba da tsintarta.

A gidanmu ba a kiran sunan babba. Tun da na buɗe ido Goggo nake ji, ƙannenta kuma Adda suke ce mata. Wallahi ban taɓa sanin sunanta na yanka ba. Ashe wata maƙwabciya ce ta raka ta asibiti a ɓoye aka ɗebi jininta a wannan makon, don kunya ba za ta bar ta ta yi mana maganar mararta ba.

Goggo ba ta koma karɓar sakamakon ba. Sai bayan wata biyar, da cikin ya kumbura har numfashi ya gagara, muka ɗauke ta zuwa asibiti. Ina neman katinta a cikin kwalla na ga sunan. Shi ne sunan da ke jikin kwalbar nan.

Likita ya ce gwajin nan shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma da ta dawo a lokacin, da an gwada tiyata. Na durƙusa a bakin gadon ina kuka, na tambaye ta me ya hana ta komawa. Ta shafa kaina ta ce, "Ai ke kika faɗa, 'yata, kuma ke ce mai karatun."

Sati uku ta ƙara a duniya.

Har yau ina wannan aikin, kuma har yau abin yana cin raina. Na koyi cewa kowace kwalba goggon wani ce, kuma abin da na gani a wurin aiki ba na hira ba ne. Ban sake yanke wa kowa hukunci da bakina ba.