Jan Ɗigo a Ƙofar Gidan Makoki

Sana'ar gidanmu sauraro ce. Mahaifina ya shafe shekaru masu yawa a wani shago kusa da hasumiyar Gobarau, rediyo uku a gabansa, almakashi da gam a gefe, yana bin abin da ake faɗa a kan waɗanda suka ɗauke shi aiki. Ma'aikatar gwamnati ta kira 'yan jarida, tana son ta san ko an watsa maganarta. Ɗan siyasa ya yi ɓaɓatu, yana son ya ji wa ya mayar masa da martani. Mahaifina zai saurara, ya rubuta, ya yanke jarida ya manna, kafin azahar an kai wa kowa nasa a ambulan. A makaranta abokaina kan ce mini ɗan mai gulma da lasisi.

Tare da shi a shagon akwai amininsa tun ƙuruciya, wanda muke kira Baba kawai. Dogo ne, siriri, mai kunnen da ban taɓa ganin irinsa ba. Zai iya sauraron tasha biyu a lokaci guda, yana ɓare goro, ya kuma gaya maka wadda ta yi kuskuren sunan kwamishina. Da mahaifina ya rasu, shagon ya dawo hannuna, Baba kuma yana nan a kujerarsa kamar jiya.

Ni kuwa na zo da zafina. Na je wani taron horaswa a Abuja, na dawo kaina cike da sababbin kalmomi, na dubi allon da ke ƙofar shagon mai ɗauke da sunan mahaifina, fentinsa ya koɗe, sai na ji kunya. Haka nan nake faɗa, kunya na ji. Na sauke allon, na raɗa wa kamfanin sabon suna na Turanci, kalma biyu, wanda har yau mahaifiyata ba ta yarda ta furta ba. Na sa aka zana mana tambari, na kama ɗaki biyu a GRA, na sayi kwamfutoci. Rediyoyin nan uku na bar su ne kawai don Baba ya ce in ba su ba zai zo ba. Tun daga ranar ya daina kirana da sunana, ya koma ce mini Manaja, kuma ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsiya ba.

A taron nan aka koya mana cewa kamfani sai ana ganinsa. Akwai wata manhaja ta waya da mutum kan danna idan ya isa wani wuri, sai jan ɗigo ya fito a taswira, duk mai bin shafinsa ya ga yana nan. Na buɗe mana shafi da sabon sunan. Tunanina shi ne, duk taron da muka je, duk ma'aikatar da muka kai wa rahoto, a danna, duniya ta ga muna ko'ina. Da yake Baba ne mai kai rahotanni kan tsohon babur ɗinsa, na saya masa waya mai shafawa, na zaunar da shi.

"Baba, duk inda ka je da sunan ofis, ka taɓa nan. Shi ke nan aikin."

Ya juya wayar gaba da baya, ya ce, "Ko ina na tahi da sunan ofis?"

"Ko ina."

"To, Manaja."

Makonni suka wuce ban leƙa shafin ba, ina can ina faman neman sababbin abokan ciniki. Wata safiya na shiga ofishin wani darakta da nake ta bibiya, mutum mai son dariya. Bayan mun gama doguwar gaisuwa, ya ɗauko wayarsa ya ce, "Wai kai kamfanin naka na labarai ne ko na jana'iza? Na duba shafinku, duk inda na taɓa sai in ga tabarmi da buta."

Ya miƙo mini wayar. Ga ɗigo a ƙofar ma'aikatu, ɗaya nan ɗaya can, kamar yadda na so. Amma sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna cikin lunguna ne: Kambarawa, bayan Gobarau, unguwannin bakin gari da ban taɓa takawa ba. Wasu har da hoto, domin yatsan Baba kan zame ya ɗauka bai sani ba. Takalma a jere a bakin tabarma. Gefen rumfa. Ƙafafun mutane a zaune. Duka gidajen makoki ne, kuma a saman kowane hoto ga tambarinmu yana ƙyalli.

Na yi dariyar yaƙe, na fito. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani a gidanmu, kuma ranar ban tsaya na sha ruwa ba. Na tarar da Baba a kujerarsa, kunne a jikin rediyo.

"Baba, me ya kai shafin kamfani gidan mutuwa?"

Ya rage muryar rediyon, ya ce, "Kai ka ce ko ina na tahi da sunan ofis."

"Ta'aziyya aikin ofis ce?"

Ya dube ni, ya mayar da kunne jikin rediyo. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce masa an mayar da ni abin dariya a gari, na ce zamani ya canza, na ce shekaru sun ja, gara ya koma gida ya huta, haƙƙinsa zai riƙa isa gare shi duk wata. Na miƙa hannu, ya ɗora mini wayar. Ya kashe rediyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hularsa.

"To, Manaja. Allah shi ba da sa'a."

Mutumin da ya riƙe ni ranar sunana ke nan, na sallame shi a tsaye, ko kujera ban ja ba.

Washegari na zauna zan goge ɗigon. Na goge biyar ko shida, sai na tsaya. Abin da na lura da shi shi ne, babu gidan wani babba a ciki. An yi rasuwar wani attajiri a watan, duk gari ya je, ni ma na je, amma Baba bai danna a can ba. Na rufe kwamfutar na bar sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je gaida mahaifiyata. Labari ya riga ni isa, ba ta bakin Baba ba, ta bakin matarsa. Ta bari na gama gaisuwa, ta bari na ci abinci, sannan ta ce, "Ka tuna zaman makokin mahaifinka?"

Na tuna. Kwana uku layinmu bai ɗauki babur ba saboda jama'a. Na tuna ina zaune ina miƙa hannu ga mutanen da ban taɓa gani ba, leburori, masu tura ruwa, 'yan kabu-kabu da suka jingine baburansu a bakin titi, tsofaffi da suka zo daga ƙauye da ƙurar hanya a ƙafa. A lokacin na ɗauka darajar hulɗarsa da manya ce ta jawo su, har ina jin wani alfahari a raina.

Ta ce, "Manyan naka awa nawa suka yi? Su waɗancan da suka wuni, bashin ƙafa suka zo biya."

Sai ta gaya mini abin da na tashi a cikinsa ban gani ba. Kowace safiya, bayan labarai, gidan rediyo kan karanta sanarwar rasuwa. Wannan ba ya cikin abin da ake biyan mahaifina ya saurara, amma yana saurara. Shi da Baba suna da yadda suke zaɓe. Idan aka karanta sanarwa aka jero sunaye, Alhaji wane, Hajiya wance, mai riƙe da kaza, sai su ce wannan yana da jama'a. Idan kuwa sanarwar gajera ce, sunan mamaci da na ɗa guda, sai unguwa, sun san baƙo ne da ya zo ci-rani ya zauna, danginsa na can ƙauye, tabarmarsa za ta kwana biyu ba kowa. Can ɗayansu zai je bayan an kai rahotanni, ya zauna, ya yi addu'a, ya ce daga shagon masu rediyo yake. Mahaifina yakan ce, tunda Allah ya sa su ne ke fara ji, ba su da hujjar cewa ba su ji ba.

"Shekara da shekaru suna yi," in ji ta. "Da ya rasu, amininsa ya ci gaba shi kaɗai. Kai ka ce mashi aikin ofis. Shi a wurinshi wane aikin ofis ya wuce wannan?"

Na dubi kwanon da ke gabana, na ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Na daɗe ina tunani a kan wannan. Na canza suna ne don a san mu, alhali an san mu a gidajen da ban san da su ba. Na sayi manhaja don ta nuna muna ko'ina, ta kuwa nuna, gaskiya ta faɗa, ni ne ban so gaskiyar ba. Ba na cewa sabon sunan kuskure ne. Ya kawo mana aiki, har yau shi ke kan takardunmu. Amma na ɗauka abin da na gada allo ne da rediyo uku, shi ya sa na ga ina da ikon sauke wannan in ajiye wancan.

Ba a ba dattijo haƙuri ta waya. Da safe na je gidansa, matarsa ta ce daga bayan labule ya fita tun da aka gama sanarwa, bai faɗi inda za shi ba. Na koma washegari da wuri, aka ce ya tafi kai jikarsa asibiti, daga can zai wuce. Na tsaya a ƙofar gidan da wayarsa a aljihuna, wayar da da tana hannunsa da na san inda yake cikin daƙiƙa guda. Ni na karɓe ta da hannuna.

Rana ta uku na shiga ofis kafin kowa, na zauna a kujerarsa, na kunna rediyon tsakiya. Aka gama labarai, aka fara sanarwa. Na ɗauki biro. Ta farko doguwa ce, sunaye kamar ba za su ƙare ba, na bar ta. Ta biyu ma haka. Ta uku, wani dattijo mai gadi, ɗansa ne ya kawo, za a zauna a Kambarawa. Ta biyar, wata tsohuwa a bayan Gobarau, sunan jikanta kawai aka ambata. Na rubuta biyun. A duk shekarun da na yi a wannan sana'a, ranar na fara sauraron abin da ba wanda ya aiko ni in saurara.

Na fara zuwa bayan Gobarau. Mutum huɗu na tarar a kan tabarma, babu Baba. Na so in juya daga nesa, amma sun riga sun gan ni, sai na cire takalmi na zauna. Aka yi addu'a, aka shafa. Jikan, wani matashi mai fenti a farce, ya tambaye ni daga ina. Na buɗe baki zan faɗi sabon sunan, sai na ji kaina ina cewa, "Daga shagon masu rediyo." Wani tsoho a gefe ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya jiƙan mai shagon, ya zo musu lokacin rasuwar ƙaninsa.

A Kambarawa sai da na yi tambaya sau uku kafin wani mai shayi ya nuna mini lungun. Tun daga bakinsa na hango babur ɗin Baba a jingine. Yana zaune a ƙarshen tabarma, carbi a hannu, kusa da ɗan mamacin, ban da su sai mutum biyu. Na durƙusa a gabansa, na fara, "Baba, na zo ne in..."

Ya ɗaga hannu. "Ka yi ma masu gida gaisuwa tukuna."

Na juya na yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Muka zauna, kaji na tone-tone a bakin kwata. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wa ya gaya maka ina nan?"

"Ba kowa. Sanarwa na saurara."

"Ta tsohuwar nan ta bayan Gobarau fa?"

"Daga can nake."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni sosai. Na fito da wayar, na miƙa masa da hannu biyu, na ce ya yafe mini, kujerarsa na nan, rediyo na nan, ni ban iya sauraron biyu a lokaci guda ba. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya kamar ranar farko, ya shafa har ya kai wurin da ake taɓawa. Sai ya mayar mini da ita, ya kira ni da sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da na sauke allon.

Ya ce, "Kai za ka taɓa. Yau kai ka zo da sunan ofis."

Na taɓa.