Ranar da Na Maida wa Jirgi Ƙararsa

Har yau ban manta da ranar da Hadiza ta shigo atiliyenmu, wato shagon gyaranmu na Lyon, rungume da kwali ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku san labarin ba, bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san sana'armu ba, muna gyaran ƙananan jiragen ƙasa ne, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo bisa tebur su yi tafiya da lantarki. Yawancin masu su dattawa ne, kuma kada ka kuskura ka ce musu kayan wasa ne. A lokacin Monsieur Gérard ne shef, wato shugabanmu, ni kuwa ina teburin injuna. Ƙa'idarmu ita ce a karɓi kaya a kanta, a tambayi abin da ya lalace, a gwada a gaban wanda ya kawo, sannan a miƙo mini.

Tsakiyar hunturu ne. Hadiza ta zo Vénissieux, nan kusa da mu, daga Paris wajen wani aiki, aka yi mata kwatancenmu. Da ta ji an kira ni Isufu sai ta juya zuwa Hausa, muka gaisa, ashe mutanen Maraɗi ne. Abin da ke cikin kwalin shi ne chasse-neige, wato taragon da ke share dusar ƙanƙara daga kan dogo, mai farfela a gaba. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Na ɗora shi a kan dogon gwaji na ba shi wuta, sai ya ɗauki gurnani kamar injin niƙa.

Ta ce, "Ka ji ko, Malam? Na Baba ne. Matar da ke ƙasan benenmu a Stains, can gefen Paris, aikin asibiti take, da rana take barci. Ta kai ƙara ofishin masu gidajen, sun ce ko a daina, ko a kwashe teburin gaba ɗaya. Don Allah ka sa ya yi shiru."

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsofaffin taragun nan injinsu buɗaɗɗe ne, yana juya farfela ta wasu 'yan ƙafafu masu haƙora da muke kira pinyo, jikin kuma roba ce marar komai a ciki, tana amsa sauti kamar ganga. Injin wannan ma ya kusa mutuwa, cikinsa ya ƙone ya yi baƙi. Na cire shi na sa sabon inji rufaffe, na canza pinyo, na shafa man gilisi, na cusa soso a jikin. Da muka gwada, sai ka kara kunne kafin ka ji yana tafiya. Monsieur Gérard ya jinjina kai, muka aika da shi Paris.

Mako bai zagayo ba Hadiza ta kira ni. Ta taƙaita gaisuwa.

"Malam, Baba ya daina cin abinci sosai. Ya rufe teburin da zane. Ban faɗa maka ba, ba ya gani. Ciwon sukari ya tafi da idanunsa. Ashe da kunne yake bin jirgin."

Na je na sami shef na yi masa bayani. Ya ce abin da aka nema shi aka yi, tsohon injin kuma ba zai sake tashi ba, me zan je in yi? Na ce ban sani ba tukuna, sai na ga teburin. Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa na kansa ya ajiye gabana. "Vas-y," ya ce, "je ka, na ba ka ranar Asabar."

Na hau jirgin safe zuwa Paris, na ƙarasa Stains a bas. Mahaifin Hadiza, Alhaji Mamman, na zaune bisa kujera kusa da taga, dogon mutum, ya rame. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen garinmu Damagaram, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Bai ambaci jirgin ba sai da Hadiza ta yaye zanen. Teburin ya cinye rabin ɗakin: duwatsu na filasta an shafa musu fari, rami ta cikin dutse, gada, 'yar tasha.

Ya ce, "Kai ne ka gyara shi? Aikinka ya yi kyau, ɗana. Sai dai na ba shi wuta na zauna, ban san inda yake ba. Na miƙa hannu ina lalube har na kayar da shi."

Daga nan ya ba ni labari. Yana saurayi ya yi leburancin dogo a duwatsun Savoie. Idan dusa ta toshe hanya, babban chasse-neige ne ke wucewa, su kuma su bi da shebur suna share mahaɗar dogo. In iska ta taso ba ka ganin hannunka, ta ƙara kaɗai kake sanin daga ina yake tahowa. Akwai wani abokinsa Bakutu, mutumin Tawa, da ya naɗe kunnuwansa saboda sanyi. Bai ji tahowarsa ba, a can aka binne shi.

Na zagaya teburin, na durƙusa na duba ƙasansa. An kafe dogon a kan katako kai tsaye, ƙafafun teburin kuma ƙarfe ne bisa siminti. A nan na gane cewa abin da ke damun matar ƙasa ba sautin da ke cikin ɗakin ba ne, girgiza ce ke bin katako ta sauka ta ƙafafun ta shiga rufinta. Ni da Hadiza muka ɗaga dogon gaɓa-gaɓa, na shimfiɗa masa liège, wani ɓawon itace mai taushi da ke shanye girgiza, na sa roba mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa.

Sannan na buɗe taragon na zare soson. Na yanko siririn tagulla na kafe shi yadda bakinsa zai riƙa taɓa haƙoran pinyo. A sana'armu wannan shi ne irin abin da muke yini muna cirewa. Na ba shi wuta.

"Ya yi siriri," in ji Alhaji. "Wannan keken ɗinki ne."

Na lanƙwasa tagullar, na matsar da ita kusa da jikin. Ya ce ya yi sauri. Na canza mata wuri. Haka muka yi ta yi, yana saurare ina lanƙwasawa, har muka tsaya muka yi sallar La'asar muka dawo. Can sai na ga ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Kada ka sake taɓa shi."

Hadiza ta sauka wajen matar, ta roƙe ta su saurara tare. Mu kuma muka saki jirgin. Alhaji ya karkata kai yana bin sa. "Ya bar tasha. Ya hau gada." Sautin ya dushe. "Ya shiga rami." Ya miƙa hannu ya ajiye a bakin ramin, taragon ya fito ya wuce daf da yatsunsa. Hadiza ta dawo tana haki ta ce matar na tambaya ko mun kunna tukuna. Ta dubi mahaifinta, ta fita zuwa kicin ba ta ƙarasa maganar ba. Bayan ɗan lokaci Alhaji ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo abinci, shi ma a zubo masa.

Alhaji ya rasu lokacin da damina ta zagayo a can ƙasarmu, Allah ya ji ƙansa. Hadiza ta ce har makonsa na ƙarshe yana kunna shi bayan sallar Azahar.

An koya mana cewa injin kirki shi ne mai shiru, kuma galibi haka ne. Amma wanda ya kawo kaya kanta ba lallai shi ne mai shi ba, abin da yake kira lalacewa kuma wataƙila shi ne abin da wani ke riƙe da shi. Tun daga ranar na roƙi Monsieur Gérard muka ƙara tambaya ɗaya a wajen karɓar kaya, ita ce nake so kowannenku ya yi kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya: wa ke zama gaban wannan jirgin, kuma me yake yi masa?