Kantar da Malam Mu'azu Ya Haɗa wa Balkissa

Malam Mu'azu ba kafinta ba ne. Mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ɗan Damagaram, ya zo Yamai a 1981 da jaka ɗaya, ya koyar shekara talatin da uku, ya yi antire, wato ritaya. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Talaje, katanga ɗaya ta raba mu, yau shekara huɗu da wata biyar.

Kafin nan a Saga yake, bakin fadamar shinkafa, shi da matarsa Balkissa, haifaffiyar Gudel. Ciwon suga ya cinye mata ido a 2018, amma ba ta ajiye ludayi ba. Shekara talatin ta yi a gidan, ƙafarta ta san kowane dakali, hannunta ya san inda gishiri yake da inda daddawa take. Baƙo kan ci tuwonta ya tashi bai gane ba ta gani ba.

Ambaliyar 2020 ta rushe gidan. Abin da suka fitar shi ne tukwane uku, takardun antire, da armuwar ɗin aurenta, wato kabad na katako, wanda ruwa ya riga ya cinye masa ƙafafu.

A sabon gida Balkissa ba ta san ko'ina ba. Kayan miya na cikin robobi a ƙasa, duk wanda ya shiga sai ya gusar da su. Ranar da ta zuba garin kanwa a miya a madadin gishiri, ta fito daga madafa ta zauna. Wata goma sha ɗaya ba ta sake shiga ba. Matata Amina ce ke kai musu abinci.

Wata safiya Malam ya kira ni. Ya wargaza armuwar ɗin, ya jera falankan a tsakar gida. Kanta yake so ya yi mata a madafa, kowane abu da gurbinsa, kuma da wannan katakon, tunda hannunta ya san shi tun tana amarya. Na kawo metir na auna. Falanki tara, kaurin kowanne milimita goma sha biyu. Siriri ne ƙwarai.

Na ce, "Malam, mu buga ƙusa mu gama yau."

Ya ce, "Abdulrazak, kai kullum yau. Mai ido ne ke kauce wa kan ƙusa. Ita da hannu take gani."

Ashe ya daɗe yana kallon wata dabara a wayarsa, har ƴarsu Salima ta aiko masa kayan aikin daga Maraɗi. Wani ɗan ƙarfe ne mai rami a karkace. Ka matse shi a jikin katako, injin huda ya bi ramin ya shiga a kaikaice, sai bis ɗin, wato ƙusa mai murɗi, ya ɓuya ciki kamar a aljihu, ya kama ɗaya falankin ta ciki. Waje sumul, ba abin da yatsa zai tarar.

Sai dai siririn katako ba ya son ganganci. Guntu goma sha huɗu ya ɓata na gwaji kafin ya taɓa nata, na ƙirga su. Wani ya tsage, wani bis ɗin ya ɓullo ta baya. Daga ƙarshe ya gane: bis mai milimita ashirin da biyar, a shafa gam, a ɗaure da hannu a hankali, ba da inji ba.

Balkissa tana jin mu daga inuwa. Ta ce, "Mushe, yau kwana goma sha biyu fa. Ko katakon ma sai ya maimaita aji?"

Ya ce, "Hajiya, wannan ɗalibin ya fi ki jin magana."

"To ka aure shi mana, ya dafa maka."

Ranar ce na fara jin dariyarta a gidan.

Aikin bis arba'in da shida yake so, muna da talatin da takwas. Ran Asabar suka ƙare, ga Salima za ta iso Lahadi. Na hau moto na tafi kasuwar Katako, na shiga shago huɗu, babu mai ashirin da biyar. Na sayo mai talatin da biyu.

Malam ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Mu bari sai Litinin."

Na ce, "Haba Malam, milimita bakwai ne, bai kai ƙwayar wake ba. Mu ja ƙarfen baya, mu rage zurfin ramin, shi ke nan. Salima ta zo ta ci miyar uwarta."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta karya shi. Muka ɗaura takwas ɗin. Ya bi sama da gaba da ƙasan kowane hawa da ido, ya bi da tafin hannu. Gefen da ke kallon bango ne ba mu bi ba, don tsakaninsa da bangon bai wuce yatsa huɗu ba, kuma mai ido ba ya sa hannu can.

Ran Lahadi ya kama hannunta ya zagaya da ita. Hawa uku, gurbi goma sha biyu. Sau biyu ta bi, na uku ta ce ya ba ta wuri. Ta yi tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa da kifi. Salima ta ci tana kuka.

Kwana goma sha tara ta yi tana girki. A na ashirin ta zura hannu ta gefen bangon don ta dafa, tsinin bis ɗaya ya yanke ta a manuniyar dama. Milimita biyu kacal ya ɓullo. Ta ɗaure da tsumma, ta ce wa Malam wuƙa ce ta ɗan taɓa ta, ta ci gaba da girkinta. Daga baya ta gaya wa Amina cewa tsoro ta ji kar a ce kantar ce, a sake fitar da ita daga madafa. Kwana shida tana ɓoye yadda wurin yake. Rauni a jikin mai suga ba ya jira. Da zazzaɓi ya kayar da ita muka kai ta asibiti, hannun ya kumbura har wuyansa. Lokotoro, wato likita, ya yanke manuniyar. Bayan kwana tara ya yanke ta tsakiya.

Malam ne ya gano tsinin da kansa. Na same shi a madafar ya janye kantar daga bango, yana zaune a ƙasa.

Na ce, "Malam, ni na kawo su."

Ya ce, "Ni na ɗaura."

Bai ƙara cewa komai a kai ba, har yau. Ya kwance takwas ɗin, ya jira mako biyu har aka samu masu ashirin da biyar. Ya ɗauki auduga ya shafe kowace fuska ta kowane falanki, ciki da baya, don auduga ba ta wuce tsini ba ta maƙale ba. Sau uku ya bi.

Da hannun ya warke, ya kai ta gaban kantar. Ina tsaye a ƙofa. Ya ce, "Hajiya, taɓa ki ji. Wallahi babu komai."

Ta ɗaga hannun mai yatsa uku, ta miƙa, har saura kaɗan ya kai katakon, sai ya tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta mai da shi cikin zane.

"Na yarda da kai, Baban Salima," in ji ta. "Hannun ne ya ƙi."

Yanzu Malam ne ke girki, yana da shekara sittin da takwas. Ita tana zama a bakin ƙofar madafar tana saurare. Daga ƙarar mai take gane albasa ta yi, ta ce masa ya zuba tumatir, ta ce ya rage wuta, Mushe, za ka ƙona mana gida. In ya gama ya zuba mata, ya ajiye cokali a gefen kwano. Da cokali take ci yanzu, har tuwo.